Yadda Minti-Biyar Ya Gyara Manhajar Surukinsa

Duk layin masu buga takardu babu wanda bai san Minti-Biyar ba. Sunan nan ba gadonsa ya yi ba, bakinsa ne ya jawo masa. Kai masa fanka da ta tsaya, kafin ka ajiye zai ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Ka dawo bayan kwana uku ka tarar fankar tana juyi ba laifi, amma rufin ɗaki take yi wa fifita. Kai masa injin kwafi, zai dawo maka da shi tare da kusoshi shida a leda, ya ce kamfanin da ya ƙera ne ya yi almubazzaranci. Ya taɓa shiga kwas ɗin kwamfuta na mako uku, ya halarci biyu, tun daga ranar ya buga kati ya sa wa kansa Injiniya.

Abin da ya sa ake ɗaga masa ƙafa a layin shi ne surukinsa, tsohon malamin lissafi da kowa ke kira Baba Malam. Shekara goma sha biyu da suka wuce dattijon ya rubuta wata manhaja ta tsara rubutu a shafi, ya bar wa jama'a kyauta. Da ita masu ɗab'i ke tsara littattafai, da takardun jarrabawa, da fosta, har da 'yar jaridar unguwa mai fita kowane mako. Babu kamfanin da ke riƙe da ita. Mutum bakwai ne masu sa kai, suke haɗuwa kowace Asabar a ɗakin baya na laburare, wannan ya gyara jadawali, wancan ya gyara haruffa. Mai kula da laburaren, wata mata marar son wasa da ake kira Malama, ita ke riƙe da gwaji. Shafuka ɗari uku da arba'in ne aka tanada, waɗanda dole manhajar ta fitar da su daidai, harafi da harafi. Wanda ya fita daidai ya nuna kore, wanda ya karkace ya nuna ja. Yini guda ake yi ana wannan gwaji, kuma ko ja ɗaya ya fito, sabon zubin manhajar ba zai fita ba.

Minti-Biyar ba ya cikin bakwai ɗin, amma ba ya fashin zama. Ya sha shayi, ya ba da shawara.

"Haba Malama, yini guda cur ana gwaji? Gyaran da na kawo fa layi huɗu ne kacal!"

"Layi huɗun da ka kawo wancan watan ne suka sa lambobin shafi suka koma ƙirga da baya."

"To, ai akwai masu fara littafi daga ƙarshe."

"Akwai. Kuma akwai masu fara magana kafin tunani. Miƙo mini kofin nan."

Ana nan, sai aka yi wa Baba Malam aikin ido. Likita ya hana shi kallon allon kwamfuta har mako biyu, ya kuma ja kunnen iyalinsa kada a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali. Ran Litinin ta mako na biyu da safe dattijon, ido a naɗe, ya lalubo wani ambulan a ƙarƙashin matashi ya miƙa wa surukinsa.

"Ɗana, kalmar sirrin fitar da sabon zubi ce a ciki. Ka biya ta laburare ka ba Malama hannu da hannu."

"An gama, Baba. Ka ɗauka ma ya isa."

Bai isa ba. A kwanar farko Minti-Biyar ya ɗaga ambulan ɗin ya haska a rana, a kwana ta biyu ya yage shi, a ta uku kuwa ya riga ya ga kansa tsaye gaban jama'a ana tafa masa. Dama ƙungiyar masu ɗab'i ta sa ranar Asabar don karrama Baba Malam. Ina laifin ranar ta zo da sabon zubi, wanda Injiniya ya ƙera shi kaɗai cikin mako guda?

Ya shige shagonsa, ya ture gawarwakin rediyo da ke kan tebur, ya buɗe kwamfuta. Dabararsa ita ce wannan: ya taɓa ganin wani littafi da aka buga "da da" a ciki bisa kuskure, saboda haka zai koya wa manhajar cewa duk kalmar da ta zo sau biyu a layi ɗaya, ta share ɗaya. Ya rubuta, ya danna gwaji don dai a ce ya danna. Kafin ya gama hamma, ja ya fara zubowa a allon kamar an fasa kwandon tumatir.

"Tsoratarwa ce," in ji shi. Ya kama jakar gwajin gaba ɗaya ya jefa a kwandon shara. Ya canza kalmar sirri saboda tsaro, ya saki sabon zubi, ya rubuta a kansa: "Ya fi na da sauri ninki goma."

Saƙo ya faɗo a kwamfutar kowane shago cewa akwai sabuntawa. Shekara goma sha biyu manhajar Baba Malam ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba, don haka kowa ya danna ba tare da ya ko ɗaga kai ba. Mugun abin kuma shi ne, a kan allo rubutu na nan lafiya ƙalau. Sai an tura wa injin bugu sannan sharar ke aiki. Kuma ba ɗaya daga cikin kalmomin biyu take sharewa ba, duka biyun take kwashewa.

Ran Laraba da hantsi, Minti-Biyar na zaune a falo da singileti yana karin kumallo, aka buga ƙofa. Matarsa ta buɗe. Dillali ne da mutum uku, ɗaya riƙe da tef ɗin awo. Suka yi sallama suka wuce ciki kamar gidan ubansu.

"Ɗaki nawa ne? Wannan bangon zai fasu kuwa?"

"Wane bango? Malam, lafiya?" in ji matar.

"Lafiya lau, uwargida. Gidan muka zo gani. Ku masu haya ne? Wata nawa za ku buƙata ku kwashe?"

Minti-Biyar ya fito waje da cokali a hannu. Mai gidan da suke haya, wanda 'yan damfara suka taɓa yunƙurin sayar masa da gida yana zaune, ya sa an buga masa ƙaton kyalle an ɗaure a jikin katanga. Abin da ya ba da a rubuta shi ne gidan nan ba na sayarwa ba ne. Abin da ke jikin katanga da jajayen haruffa kuwa: WANNAN GIDA NA SAYARWA NE.

Ya dawo ya tarar mai tef yana auna ɗakin kwana, matarsa na riƙe da ƙugu.

"Maigida, ka san wani abu game da wannan?"

"Ni? Me ya haɗa injiniya da dillancin gida?"

"To me ya sa kunnenka ke rawa?"

Ya zura riga ya nufi layi. Tun daga bakin titi ya fara jin wari. Tela, wanda ya gaji da masu zubar masa da shara a bayan shago, ya sa an buga masa gargaɗi jiya. Yanzu ga shi manne a bango: NAN WURIN ZUBAR DA SHARA NE. Unguwa kuwa ta yi biyayya irin wadda ba ta taɓa yi wa wata doka ba. Tsibin ya kai taga. Tela na tsaye da almakashi yana faɗa da wata tsohuwa mai bokiti.

"Ni dai na karanta, ɗan nan," take cewa. "Har addu'a na yi maka."

Gaba kaɗan, a ƙofar wani kamfanin jigilar kaya, wani direba da aka kora wata biyu da suka wuce ya dawo da kakinsa a goge, yana kaɗa jaridar unguwa a fuskar mai gadi. Ga hotonsa, ga sanarwa a ƙasa: "Wannan mutum ma'aikacinmu ne."

"Kauce ka ba ni makullin mota! Ku kuka buga da kanku!"

A ƙofar shagonsa masu ɗab'i sun yi cincirindo. A gabansu akwai Dogo, wanda ya fi kowa babban inji da kaifin baki, rungume da damin takardun da suka lalace.

"Ranka ya daɗe, Injiniya! An ce kai ka yi mana wannan alheri."

"Ku kwantar da hankalinku. Injinanku ne tsofaffi, ba su iya ɗaukar sabon ilimi."

"Injina ne ya san Hausa har ya zaɓi 'ba' ya haɗiye? Mai kemis ya ce a rubuta a sha ƙwaya ɗaya-ɗaya, takarda ta fito a sha ƙwaya. Da bai duba ba, da yanzu ana wankin ciki a asibiti!"

Jama'a suka dare, Malama ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata shi.

"Ina ambulan ɗina?"

"Wane... au, ambulan! Ai na ga aiki ya yi miki yawa, na ce bari in rage miki."

"Gwaji nawa ka yi?"

"Na yi na zuci."

"Ina jakar gwajin?"

"Tana cin wuri."

"Ba ni kalmar sirri."

Nan fa ya tuna shi namiji ne, kuma suruki. Ya gyara wuyan riga. "Malama, wannan amanar iyali ce. Baba ni ya ba."

"Ya ba ka ka kawo mini."

"Ai ban ce ba zan kawo ba. Rana ce ban sa ba."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta juya ga masu ɗab'i ta ce tsohon zubi na nan a kwamfutar laburare, za ta bi su shago-shago ta mayar musu, kuma kowane saƙo ya sake faɗowa kada wanda ya taɓa. Sai dai shagunan sun fi sittin, ita kuma ƙafa biyu gare ta. Ta so ta wuce gidan Baba Malam, matar Minti-Biyar ta tare ta a hanya tana roƙo, saboda maganar likita. Daga nan matar ta wuce shagon mijinta.

"Wallahi idan idon Baba ya samu matsala saboda kai, dillalin nan zan kira ya haɗa da kai a cinikin."

Ran Alhamis ya zauna gyara. Tunda "ba" ce ta ɓace, in ji shi a ransa, sai a dawo da ita. Ya umarci manhajar cewa duk jimlar da ta ƙare da "ne" ko "ce", ta saka mata "ba" gaba da baya. Ya buga maganar gidan haya don ya gani, ta fito daidai. Ya buga ta tela, ta fito daidai.

"Gwaji biyu, kore biyu! Ina Malama ta zo ta ga yadda ake aiki?"

Ya saki zubi na biyu, ya rubuta a kansa: "An gyara komai." Rabin layi suka manta da gargaɗin Malama suka danna, domin mai ciwo ba ya tambayar sunan magani. Shi kuwa saboda murna, ya je ya karɓi aikin buga takardar yabo da za a ba Baba Malam ran Asabar, ya ce a bar wa iyali wannan. Ya tsara ta da haruffa masu lanƙwasa, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa game da kansa, ya tura wa inji. Takarda na fitowa waya ta yi ƙara, ya kife ta ya miƙa wa mai firam ba tare da ya duba ba. Aka sa a gilashi, aka naɗe da takarda mai ƙyalli, aka kai wa shugaban ƙungiya.

Ran Juma'a mai gidan abinci ta iso shagonsa da ludayi. Mace ce mai jiki, ta cika ƙofar har ɗakin ya yi duhu. Takardar talla dubu ta sa aka raba mata a tasha da kasuwa da safiyar nan.

"Kai ne Injiniya? Karanta mini wannan. Da ƙarfi."

Ya karɓa. "Abincinmu... ba mai tsafta ba ne. Namanmu ba na yau ba ne. Mai girkinmu ba..."

"Ci gaba."

"...ba ƙwararriya ba ce."

"Ni ce mai girkin."

"Yaya, ki duba ta wata fuskar. Jama'a na son mai gaskiya."

Ludayin ya sauka a kan tebur, rediyo biyu suka faɗi. Minti-Biyar ya bi ta tagar baya, ya bar takalmi ɗaya. A bayan shagon ya ci karo da shugaban wata makaranta riƙe da shaidar kammala karatu ta ɗalibai tamanin, kowace na tabbatar da cewa mai ita ba haziƙi ba ne. Ya sake sheƙawa. Sai la'asar ya lallaɓo ya ɗauki kwamfutarsa, ya ɓuya a ɗakin ajiyar kaya na gidansu, ya haɗa gyara na uku: ya ɗora umarnin sharewa a kan umarnin sakawa, ya ƙara wani a sama don su sasanta kansu. Wannan karon bai saki ba. Ba don hankali ya zo masa ba, sai don yana so ya ƙaddamar da shi a gaban taro.

Asabar da ƙarfe goma zauren laburare ya cika maƙil. Masu ɗab'i a gaba, tela a gefe yana ƙamshin turaren da bai rufe komai ba, mai gidan abinci a kujerar bakin ƙofa. Baba Malam ya shigo da baƙin tabarau, 'yarsa, matar Minti-Biyar, na riƙe da hannunsa. Likita ya kwance masa ido jiya, kuma har yanzu babu wanda ya gaya masa komai. Minti-Biyar ya sha babbar riga, ya jona kwamfutarsa da majigi, yana ta gaisawa da mutanen da ba su miƙo hannu ba.

Shugaban ƙungiya ya tashi. Dattijo ne mai murya kamar ganga, wanda duk abin da aka sa a gabansa zai karanta shi har ƙarshe ba tare da ya ji abin da yake faɗa ba. Ya fara yage takarda mai ƙyalli. A daidai wannan lokacin Minti-Biyar ya tuna ranar da ya buga takardar yabon, da zubin da ya buga ta da shi. Ya miƙe zumbur.

"Ranka ya daɗe, a bar karatun nan mana, lokaci na..."

"Zauna, ɗana." Shugaba ya gyara makirufo. "Mu, ƙungiyar masu ɗab'i, muna shaida wa duniya cewa Baba Malam ba mutumin kirki ba ne."

Jama'a suka dubi juna.

"Aikinsa ba abin alfahari ba ne. Manhajarsa ba abar dogaro ba ce. Iyalinsa ba abin koyi ba ne."

Matar Minti-Biyar ta juyo ta dube shi. Ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

"Wannan karramawa ba hakkinsa ba ce," shugaba ya ci gaba da ƙarfinsa. Ya matso da firam ɗin kusa da ido saboda ƙananan haruffan ƙasa. "Wanda ya tsara wannan takarda ba ƙwararren injiniya ba ne."

"Alhamdu lillahi!" Dogo ya ɗaga hannu daga layin gaba. "An samu layi ɗaya da ya fita daidai!"

Dariya ta fashe har gilashin tagogi na rawa. Tela ya faɗo daga kujera. Baba Malam bai yi dariya ba. Ya cire tabarau a hankali, ya juya wajen Malama. Cikin jimla biyar ta ba shi labarin mako guda, ba ƙari ba ragi.

"Ɗana," in ji dattijon, "ambulan ɗin da na ba ka fa?"

"Baba, kafin a yanke hukunci, a ga na uku! Duk wannan tsohon labari ne. Jama'a, ku dubi bango!"

"Ka gwada shi?" in ji Malama.

"Yanzu za a gwada, a gaban kowa. Wane gwaji ya fi wannan?"

Ya buɗe shafin farko na littafin lissafin da Baba Malam ya rubuta, ya danna da yatsa ɗaya, ya juya wa bango baya yana murmushi ga jama'a, hannu a buɗe. Kwamfuta ta yi gurnani. Umarnin sakawa ya saka, na sharewa ya share, na sasantawa ya rasa bayan wanda zai bi. Rubutun littafin ya fara zubewa layi bayan layi, wani abu na maye gurbinsa, har bangon ya cika daga sama zuwa ƙasa: ba ba ba ba ba ba ba ba. Shafi na biyu ya biyo, na uku, na arba'in.

Minti-Biyar ya ga fuskokin mutane, murmushinsa ya fara tsinkewa. Ya waiwaya. Ya danna wannan, ya danna wancan, ya zare waya ya mayar. Bango bai fasa ba.

"Ku yi shiru, jama'a," in ji Dogo, yana share hawaye da hula. "Manhajar nan, baiwar Allah, ta sha wuya. Ubanta take kira."

Baba Malam ya miƙe. Ya tako a hankali har gaban bangon, ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na aikin shekara goma sha biyu, ya daɗe yana kallo.

"Na'am," ya ce. "Na ji. Ga ni nan."

Ya miƙa hannu ba tare da ya dubi surukinsa ba. Minti-Biyar ya ɗora masa kwamfutar, ya rubuta kalmar sirri a gefen takardar shirin taro. Dattijon ya karanta, ya ɗaga gira, ya miƙa wa Malama. Ita kuma ba ta ga dalilin rufa masa asiri ba, ta karanta a makirufo: "Injiniya babba ɗaya tilo."

A nan take, kafin a tashi, masu sa kai suka zartar cewa daga yau babu zubin da zai fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma sai ɗari uku da arba'in sun nuna kore. Malama ta ce ɗari uku da arba'in da shida ne yanzu, domin gidan haya, da bangon tela, da sanarwar direba, da takardar kemis, da ta gidan abinci, da ta makaranta duk sun shiga jerin gwaji.

Minti-Biyar ya tattara babbar rigarsa ya nufi ƙofa a saɗaɗe. Mai gidan abinci ta miƙe daga kujerarta, ƙofar ta rufe. Tela ya zo ta dama ya damƙa masa shebur.

"Tsibin na jiranka, Injiniya. In ka gama, Yaya na da takarda dubu da za ka bi tasha ka karɓo, ɗaya bayan ɗaya."

Ya waiga yana neman matarsa ta sa baki. Tana can ta riƙe hannun mahaifinta suna fita ta ɗaya ƙofar. Ta tsaya, ta dawo da sauri, har zuciyarsa ta yi sanyi.

"Cire rigar," ta ce. "Ta Baba ce, ba za ka kwashe shara da ita ba."